Tambayi Likita: Zaman Biro, Shayi da Tumbi

Tambayoyin da suka iso gare ni a wannan karon galibinsu daga ma'aikatan biro ne na nan Damagaram, maza da mata, kuma kukan kusan ɗaya ne: wuni a kan kujera, riga tana matsewa, gwiwa ta fara ƙara. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon na daɗe a kanta, domin amsarta ta shafi kusan kowa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina aikin lissafin kuɗi a wata ma'aikata, shekaruna 42, tsayina santimita 172, nauyina kilo 94. Lokacin da na kama aiki ban kai kilo 75 ba. Wata biyu ke nan da na daina cin tuwon dare, amma sikeli ya ƙi motsi. Da safe nakan tsaya wurin mai shayi in ci burodi da ƙwai da mayones, in sha shayi da madara. A biro ana dafa mana shayi safe da yamma, nakan sha ƙananan kofuna shida a wuni. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, sai lemun kwalba mai sanyi. Me ya rage in yi? Daga unguwar Sabon Gari.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, amma ba tuwon nan ne ya fi yi maka ɓarna ba. Bari mu fara da sanin inda kake. Idan aka raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa a mita, wato a naka 94 a raba da 1.72 sau 1.72, ana samun kusan 32. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce da muke ɗauka a matsayin larura. Ni dai abin da na fi dubawa shi ne ƙugu. Ka ari abin awon tela, ka zagaya cikinka daidai cibiya kana tsaye, kada ka shanye ciki. Ana so awon ya gaza rabin tsayinka, kai ke nan ƙasa da santimita 86. Kitsen tumbi ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake tsayawa ba, yana kewaye hanji yana shiga hanta, kuma daga nan ciwon sukari da hawan jini ke samun hanya.

Yanzu mu zauna mu ƙirga sukarin da ke shiga cikinka. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya wajen giram 5 ce. Mai shayin safe, a ce ya jefa maka ƙwaya huɗu, giram 20 ke nan, ban da madarar gwangwani mai kauri wadda ita ma cike take da sukari. Shayin biro kuwa, ka tsaya wata rana ka kalli yaron da ke dafa shi a kan ɗan murhun gawayi, ka ga nawa yake zubawa a buta kafin ya fara ɗaga ta sama yana tsiyayawa don kumfa ta tashi. Ko da mun ce kowane kofi ya samu ƙwaya biyu kacal, kofi shida giram 60 ne. Kwalbar lemu mai santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35. In ka haɗa, ka wuce giram 110 a wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar kada ya wuce kimanin giram 50, kuma in ya iya saukowa 25 ya fi. Ka ninka iyakar fiye da sau biyu, kuma duk wannan ba ka ji ka ci komai ba, domin abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma kowane giram na sukari kalori 4 ne, to kusan kalori 450 ke nan kullum, alhali kilo ɗaya na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne. Lissafin ba ya tafiya daidai wa daida a jikin mutum, amma ya isa ya nuna maka inda kilo 19 ɗin nan suka fito a hankali.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, babban cokali ɗaya wajen kalori 120, ko na gyaɗa ne, ko manja, ko man shanu. Mayones kusan duk mai ne. Mai sayar da shinkafa da wake kuma da ludayi take zubawa, ba da cokali ba. Ka ce mata cokali ɗaya ya isa, ta ƙara maka wake da salak da tumatir da albasa, ta rage shinkafar.

Na san ƙin karɓar shayi a cikin abokan aiki ko a fada ba abu ne mai sauƙi ba, za a ce ka canza hali. Kada ka bar zaman. Ka karɓi kofi ɗaya, ko ka roƙi a tsiyaya maka naka kafin a sa sukari. Makon farko za ka ji ɗaci, bayan ƴan makonni harshenka zai saba har shayin da ka saba sha ya zame maka zaƙi fiye da kima. Lemun kwalba a maye gurbinsa da ruwa, ko zoɓo da aka dafa a gida ba sukari.

Tuwon dare kuwa, ka koma ka ci tare da iyalinka. Malmala ɗaya ta tuwon gero ko dawa, da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa mai yawa wadda ba ta iyo cikin mai, a ci bayan magariba maimakon ƙarfe goma na dare. Geron da ba a surfe shi fes ba ya fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. In a faranti ɗaya kuke ci da ƴan'uwa, ka ware rabonka tun farko, in ya ƙare ka wanke hannu. Abin da za ka sa gaba shi ne rage kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, rabin kilo a mako ya wadatar. Wannan kaɗai yana saukar da tansiyo da sukarin jini ko da tumbin bai gama tafiya ba. Kafin ka fara, ka je a auna maka su biyun. Tansiyo da ke kai 14/9 a awo daban-daban, ko sukarin safe kafin karyawa da ya kai giram 1.26 a lita har sau biyu, maganarsu ta wuce gyaran abinci kaɗai.

Tambaya: Likita, ni sakatariya ce, ina da yara uku. Don in rage jiki na daina karyawa, abincin rana ma ba na ci. Amma da la'asar sai in ji jiri, in aika a sayo mini fanke ko ƙosai, da dare kuma in ci kamar ba gobe. Ga shi dangin mijina suna cewa in na rame za a ce ba ya kula da ni. Daga Birni.

Amsa: Ƴar'uwa, yunwar da kike ɗora wa kanki ita ce ke sayo fanken nan. Wanda ya wuni bai ci ba, in la'asar ta yi jikinsa abu mai zaƙi da maiƙo yake nema, kuma ba ƙarancin haƙuri ba ne, haka aka halicci jiki. Ki karya da safe da abin da ke zama a ciki: dafaffen ƙwai biyu, ko wake, ko kunun gero ba sukari da ɗan nono. Ki zuba abincin rana a kula tun daga gida, rabinsa ganye. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuliƙuli, dambu mai ganye da yawa, kabeji da karas, ga awara ko kifi ko ɗan nama a gefe. Lokacin sanyi, da kayan lambun Mirya suka cika Kasuwar Dole, babu abincin da ya kai wannan araha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a wuni, kuma yawancinmu ba ma kusantar haka.

A cikin jakarki ki ajiye abin la'asar: gwaiba, lemun zaƙi, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Tafi ɗaya nake nufi, domin gyaɗa mai ce, in kika ajiye kwalba guda kusa da kwamfuta za ki ga bayanta ba ki sani ba. Fura da nono kuma abinci ce cikakkiya. In kin sha ta da rana, to kin ci abincin rana, kada a ɗora mata shinkafa, kuma a dama ta ba sukari. Jirin nan ina so a duba shi, ki je a auna miki jini, domin mace tana iya zama da ƙiba kuma tana da ƙarancin jini. In kina shayarwa ko kina da juna biyu, ki ajiye zancen rage jiki tukuna har ki ga ungozoma ko likita.

Maganar dangi ina jin ta, don a garinmu har yanzu ana auna jin daɗin mace da cikar jikinta. Ki fara da maigida, ki tafi da shi ranar awo ya ji da kunnensa. In ya fahimta, shi zai tare miki sauran.

Tambaya: Likita, shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp yana aiki? Da ruwan zafi da lemun tsami da safe? Daga wata ma'aikaciyar banki.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Da yawa daga cikin irin wannan shayi filasko ne ko wani maganin sa gudawa da fitsari. Sikeli zai sauka kwana biyu saboda ruwan jiki ya fita, kitse yana nan inda yake, kuma tare da ruwan ake asarar gishirin da zuciya ke bukata don bugawa daidai. A zafin Afirilu da Mayu wannan yana iya taɓa ƙoda. An kuma sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ruwan zafi da lemun tsami ba ya narkar da kitse. In ya hana ki shan shayi mai sukari, to nan amfaninsa ya tsaya. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ciki gumi kawai take fitarwa.

Tambaya: Daga gida sai moto, daga moto sai kujera. In na taso rana ta gama da ni. Yaushe zan motsa jiki? Daga Zango.

Amsa: Malam, abin da ake nema ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako na tafiya da sauri, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Minti 30 ne sau biyar, kuma ana iya tsinka shi goma-goma. Bayan sallar asuba gari da sanyi, ka ƙara zagaye kafin ka shiga gida. Masallacin da kake hawa moto don zuwa, ka taka. A biro ka tashi kowane rabin awa ko da minti biyu ne, ka kai takarda da kanka maimakon aiken yaro, ka amsa waya a tsaye. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana taimaka wa jiki ya sarrafa sukari. Sai dai ka sani, tafiyar rabin awa wajen kalori 150 take ƙonawa, kusan abin da ke cikin kwalbar lemu ɗaya, don haka tafiya ba za ta biya bashin abin da baki ya ci ba. Amfaninta ga zuciya da gwiwa da barci yake da girma. Barcin ma ka ba shi haƙƙinsa, awa bakwai, domin hirar dare har ƙarfe ɗaya tana ƙara yunwa washegari.

Tambaya: Likita, ina da ciwon sukari, ina shan glibenclamide. Ina so in riƙa azumin Litinin da Alhamis, in samu lada in kuma rage nauyi. Daga wani malamin makaranta da ya koma aikin ofis.

Amsa: Malam, Allah ya karɓi niyya, amma kada ka fara sai ka zauna da likitan da ke duba ka. Wannan maganin yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ko ka ci ko ba ka ci ba, don haka sukari na iya faɗuwa tsakar rana kana kan moto. Wataƙila a rage maka shi, ko a canza lokacin sha, ko a sauya maka wani. In an yarda ka yi, ka riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko dabino a aljihu. Da ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya ko ruɗewa, ko na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da giram 0.70 a lita, ka karya nan take, kada ka ce saura kaɗan magariba. Ka kuma gaya wa wanda kuke biro ɗaya da shi waɗannan alamu.

Ga mai lafiya, azumin nafila yana taimakawa in ba a rama wunin gaba ɗaya a buɗa-baki ba. Dabino biyu ko uku, ruwa, sallah, sannan abinci daidai na kowane dare. Kai kuma akwai abu ɗaya da nake so ka lura da shi: in ka ga kana ramewa ba tare da ka canza komai ba, ga ƙishirwa da yawan fitsarin dare, wannan ba nasara ba ce, alama ce sukarin ya hau sosai. In kuma akwai tari da ya kai mako biyu ko gumin dare, a duba tarin fuka. Ko wanne ne, ka je asibiti a cikin makon nan da katinka da kwalin maganin da kake sha.