Farantin tangaran mai furanni da ka gada: zanen hannu ne?

Tambayarka ita ce ko da hannu aka zana shuɗayen furannin farantin kakarka mai tambarin Spode, wani kamfanin tangaran na Ingila. Galibi bugu ne. Ana sassaƙa zanen a jikin jan ƙarfe, a shafa launi, a ɗauke shi da siririyar takarda, a manna kan yumɓu, sannan a gasa. Duba bakin farantin sosai, za ka ga inda zanen ya haɗu bai daidaita ba.

Josiah Spode, wanda ya kafa kamfanin, ya ƙware a wannan fasaha a Stoke, Ingila, wajen 1784. Amma idan tambarin yana ɗauke da "England", yawanci bayan 1891 aka yi shi.

Don Allah kada ka wanke shi da bilic, yana cin yumɓun. Maganar kuɗinsa kuwa, kai shi wurin masanin kayan tarihi ya gani da idonsa.