Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsayar da Ranar Aure

Tambaya: Iyayenmu sun amince, yanzu an ce mu kawo ranar da muke so. Ni ina ganin wata biyu ya isa, ita kuma tana cewa shida. Daga ina ake fara lissafi? Daga wani saurayi.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗan uwa. Kada ka fara da buɗe kalanda kana neman ranar da ta yi maka kyau. Fara da rubuta abubuwan da ba sa matsawa don kai, sannan ka nemi gurbin da suka bari. Na farkonsu gwajin jini ne, kuma ana yin sa kafin a ambaci kowace rana. Da zarar rana ta fita bakin mutane, janyewa ta zama abin kunya, kuma kunyar nan ce ke sa wasu su rufe ido su wuce da sakamakon da bai kamata a wuce da shi ba.

Gwajin jinotayif, wato na gano ko mutum yana ɗauke da sikila a jininsa, na kwana ɗaya ko biyu ne, amma a yi shi a wuri biyu daban, domin ana samun kuskure. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa likita, saboda jinin da aka ƙara masa yana iya ɓoye nasa. Idan ku duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki. Haihuwar mai lafiya a farko ba ta kare na biyu. Gwajin ƙanjamau shi ne mai cin lokaci: irin na nan-take da ake ɗiga jinin yatsa yana iya kai wa kwana 90 kafin ya nuna cutar da aka ɗauka kwanan nan, shi ya sa ake maimaita shi bayan wata uku. Idan kuma ɗayanku yana da ciwon hanta nau'in B, ɗayan zai buƙaci allurar rigakafi uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, sai dai in likita ya zaɓi tsarin gaggawa.

Bayan wannan sai wurin zama. Aure da yawa da aka ɗaga, gida ne bai kammala ba. Idan gini ake yi, ƙara aƙalla wata ɗaya a kan ranar da magini ya yi alkawari. Idan haya ce, kada ka sa rana sai makulli ya shigo hannunka. Wanda zai yi rajistar aure a hukumance ya tambayi wa'adin sanarwa na ƙasarsa: a Najeriya kwana 21 ne, a Ingila 28.

A ganinmu amaryarka ta fi ka kusa da daidai. Wata huɗu zuwa shida yana ɗaukar duk waɗannan. Fiye da shekara kuma ba mu so, domin doguwar rana tana jawo tsegumi da gajiyar zuciya, kayayyaki kuma su yi ta tashi.

Tambaya: Ina tsoron al'adata ta zo daidai ranar tarewa. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Ta yaya zan lissafa? Daga wata amarya mai jiran gado.

Amsa: 'Yar uwa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki tun kafin manya su zauna. Sani na farko: ɗaurin aure yana inganta ko da amarya tana haila. Abin da aka hana shi ne saduwa har sai ta yi tsarki. Ke nan ranar tarewa za ki yi wa lissafi, ranar ɗaurin aure ba ta da matsala.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa al'ada tana zuwa a kwanan wata ɗaya kullum. Ana ƙirga ta ne daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini na gaba, kuma tsakanin kwana 21 da 35 duk lafiya ne. Mai kwana 28 da ta fara ranar 1 ga Maris za ta sake gani 29 ga Maris, 26 ga Afrilu, 24 ga Mayu, 21 ga Yuni. Mai kwana 30 da suka fara tare za ta gani 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, 30 ga Mayu, 29 ga Yuni. Bambancin kwana biyu ya zama kwana takwas cikin wata huɗu. Saboda haka ki duba rubutun al'adarki na wata uku zuwa shida, ki fitar da mafi gajarta da mafi tsawo, ki yi lissafi da duka biyun. Kwanakin da suka tsira a lissafin biyu su ne naki. Gara a nufi kwana na 10 zuwa na 14 daga farkon jini, domin akwai sarari gaba da baya. Sai dai ki sani waɗannan kwanakin su ne kusa da lokacin fitar ƙwai ga mai kwana 28, wato lokacin da ciki ya fi saurin shiga. In kuna da wani shiri a kan haihuwa, ku yi maganarsa da likita tun yanzu.

Duk da lissafi, hidimar biki da rashin barci da fargaba suna iya jinkirta al'ada da kwanaki. Idan ta matso inda ba a so, akwai maganin jinkirta ta, noretisteron, wanda ake sayarwa da sunan Primolut N. Yadda likitoci suka saba rubuta shi: miligiram 5 sau uku a rana, a fara kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, jinin kuma ya dawo kwana biyu zuwa uku bayan an daina. Wadda ta fara shi bayan jini ya soma sauka ta makara. Yana iya kawo kumburin ciki, ciwon kai, tashin zuciya da nauyin mama. Wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta, ko sankarar mama, ko take zaton tana da ciki, ba ta shan sa. Kuma a wannan tsarin ba ya hana ɗaukar ciki. Kada ki saye shi da shawarar ƙawa. Ki ga likita wata ɗaya ko biyu kafin biki.

Tambaya: Na sa auren 'yata a Shawwal, sai wasu dangi suka ce ba a aure tsakanin salla biyu, wasu kuma suka ce a guji Safar. Mene ne gaskiya? Daga wani uba.

Amsa: Baba, ka bar ranarka yadda take. Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce a Shawwal Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta, a Shawwal kuma ta tare, kuma tana son a kai matan danginta ɗakunansu a watan. Ƙyamar Shawwal camfin Larabawan jahiliyya ne. Na Safar ma haka, hadisin da ya kore shi yana cikin Buhari da Muslim. Babu wani wata cikin sha biyun da aka hana ɗaura aure a cikinsa.

Hani yana kan hali ne. Mai harami da Hajji ko Umara ba ya aure, ba ya aurarwa, ba ya neman aure, kuma a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad auren da aka ɗaura a haka ɓatacce ne. Wannan ya shafi waliyyi kamar yadda ya shafi ango da amarya. Idan za ka tafi aikin Hajji, kada a sa ɗaurin aure a kwanakin da kake cikin harami, a jira ka sauke. Ramadan kuwa ɗaurin aure ya halatta a cikinsa, amma ba mu ba da shawarar tarewa ba, domin saduwa da rana tana ɓata azumi, ta jawo ramuwa da kaffara: azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai 60.

Tambaya: Ƙanwata bazawara ce, an sake ta, ga manemi ya fito. Za mu iya sa rana yanzu, a ɗaura bayan kwana 90? Daga yayanta.

Amsa: A dakata tukuna, Malam. Abu biyu ne a nan. Na ɗaya, fitowa fili da neman aure a cikin idda haramun ne, kuma sa rana fitowa fili ce. Idan sakin na kome ne, ko shaguɓen nema ma bai halatta ba, domin tana nan a matsayin matar mijinta, yana iya mayar da ita.

Na biyu, kwana 90 ba shi ne ma'auni ba. Iddar mai haila ƙur'i uku ce. Malikiyya da Shafi'iyya sun fassara shi da tsarki uku, Hanafiyya da haila uku. A lissafin Malikiyya, wadda aka saka tana cikin tsarki ta ƙirga wannan tsarkin a matsayin na ɗaya, iddarta kuma ta cika da ganin jini na uku. Hakan yana iya zama ƙasa da kwana 90, yana iya fi, gwargwadon jikinta. Wata uku na wadda ba ta haila ne. Mai ciki iddarta haihuwa. Takaba wata huɗu da kwana goma, kuma da watan sama ake ƙirgawa, ba da Janairu da Fabrairu ba. Ita ce za ta faɗi ranar da ta fita, sai a tabbatar wurin malami, sannan a buɗe maganar rana. Auren da aka ɗaura a cikin idda ana raba shi.

Tambaya: Muna so mu sa rana a baɗi, amma muna tsoron ta faɗa cikin azumi. Yaya ake ganewa tun daga yanzu? Daga wasu masoya.

Amsa: Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, don haka azumi da salloli suna ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. An fara azumin 2025 a farkon Maris, na 2026 wajen 18 ga Fabrairu, na 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu. Ku ɗauki ranar bana ku cire kwana 11, ku sami ta baɗi. Babbar Salla tana zuwa kusan kwana 70 bayan Ƙarama.

Abin da kalanda ta rubuta hasashe ne, ganin wata ke yanke hukunci, kuma wata yana yin 29 ko 30. Wanda ya sa biki ranar da kalanda ta ce 29 ga Sha'aban, ko 2 ga Shawwal, ya tsaya a bakin gaɓa. Ku bar tazarar kwana uku zuwa biyar daga kowane gefe. Kiristoci ma suna da irin wannan: Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma majami'u da dama ba sa son bikin aure a azumin kwana 40 da ke gabanta, musamman makon ƙarshe, sai a tambayi limamin coci kafin a buga kati.

Wani ƙaramin abu da ke rikita baƙi: a lissafin Musulunci dare yana riga yini, ke nan daren Asabar shi ne daren da ke biyo bayan yinin Juma'a. Idan kati ya ce "daren Asabar" kawai, rabin mutane za su zo Juma'a, rabi Asabar. A rubuta sunan rana, kwanan watan Miladiyya da ƙarfe nawa, kwanan Hijira ya biyo baya.

Tambaya: Wace rana ce ta fi a mako?

Amsa: Wasu malamai sun so Juma'a, amma ba sharaɗi ba ce. Ranar da waliyyi da shaidu za su samu zuwa ita ce ranar.

Tambaya: A fili muke son yin taro, kuma akwai 'yan uwa da za su zo daga ƙasar waje. Me za mu fara kamawa? Daga uwar amarya.

Amsa: Hajiya, ki ware mutanen da ba za a yi ba sai da su, kada su wuce goma: iyaye, waliyyi, wanda zai ɗaura, da 'yan uwa na jiki. Ki ba su ranaku uku su zaɓa a asirce. Sauran jama'a sanar da su ake yi. In aka ce sai kowa ya yarda, ba za a taɓa samun rana ba. Mai zuwa daga waje ya duba wa'adin fasfonsa, domin ƙasashe da yawa suna neman ya rage aƙalla wata shida, ya nemi biza da hutun aiki kafin ya sayi tikiti. Idan amarya ko ango ɗalibi ne, a nisanci makonnin jarrabawa. A duba kuma ranakun zaɓe, domin a wasu ƙasashe ana hana zirga-zirga.

Taron fili a damina yana buƙatar zaure na ko-ta-kwana, rumfa tana tare yayyafi amma ba ta tare iska. A lokacin zafi kuma a kai taron bayan la'asar. Tsarin shi ne: amincewar mutanen nan goma, sannan kama wuri, sannan kati. Kafin ki ba da kafin alƙalami, a rubuta miki a takarda ranar, awannin da aka ba ku, ko akwai wani taro kafin naku a ranar, da abin da zai faru da kuɗin idan aka ɗaga. Masu zaure da yawa suna yarda a matsar da rana sau ɗaya ba tare da asara ba in an sanar da wuri, amma sai an nema a rubuce tun farko. Kati ya fita mako huɗu zuwa shida kafin biki, na nesa kuma a sanar da su ta waya da zarar an kama wurin.