Kar ka rage masa maki tukuna, ka jira Lahadi

Salam ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya amma na bari sai da na samu natsuwa don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yaron nan ɗan wasan besbol (baseball) da aka ba ka ka riƙa bi kana auna gwanintarsa, ɗan Jamhuriyar Dominika mai shekara 20, yana buga abarej .310, wato hit (bugun da ke kai mutum bes lafiya) 31 cikin bugu ɗari, a matakin High-A na ƙananan lig aka ɗaga shi mataki na gaba Double-A, yanzu sati biyar kenan ya zauna a .205 kuma ana ta korarsa da sitiraik uku (sitiraik ita ce jifar da ya kasa bugawa daidai), kana tambaya ko ka sauke makinsa na bugu daga 55 zuwa 45 a rahoton da za ka miƙa ƙarshen wata. Kar ka taɓa makin nan yanzu. Ba wai na ce yaron zai yi ba ne, ban gan shi ba, abin da ka turo min ne bai isa a yanke ma yaro hukunci da shi ba, kuma ka san a ma'aunin nan namu na 20 zuwa 80 tazarar 55 da 45 ita ce tazarar wanda za a ba wuri kullum da wanda zai ƙare a benci, rayuwar mutum ce kake riƙe da ita a biro.

Sati biyar bugu nawa ne? Da ƙyar ya shiga akwatin da mai bugu ke tsayawa sau 120. A irin wannan ɗan adadi abarej ƙarya take yi wallahi, ƙwallo biyar ko shida da suka faɗa hannun mai tsaro maimakon ciyawa sun isa su mai da .260 ta koma .205, shi ya sa kafin komai ka je ka duba ƙwallayen da ya buga suka shiga fili nawa ne suka zama hit. A dunƙule wajen uku cikin goma ake samu. In ka ga nasa ya faɗi wajen biyu cikin goma alhali ƙwallon na barin sandarsa da ƙarfi, mil 95 a awa ko fiye, to rashin sa'a ce kawai kuma za ta gyara kanta. In kuwa duk mirginawa suke yi a ƙasa a hankali zuwa wajen ɗan bes na biyu, wannan wata magana ce daban. Lambar ɗaya ce amma ciwon ba ɗaya ba, kai kuma ka turo min lambar ba ka turo min ciwon ba.

Sannan ka tuna inda aka kai shi. Duk wanda ya daɗe a harkar nan zai gaya maka tsallen da ya fi wuya a ƙananan lig shi ne daga High-A zuwa Double-A. A ƙasa masu jifa yara ne, suna da gudu amma ba su san inda ƙwallon za ta je ba, in sun shiga matsi fasbol, wato jifa mai gudu a miƙe, za su jefo maka, yaro mai saurin hannu sai kawai ya zauna yana jiranta ya ci abincinsa. A Double-A zai haɗu da ɗan shekara 24 ko 25 wanda zai iya jefa silaida (jifa mai karkacewa gefe) a cikin zon (gurbin da jifa ke zama sitiraik, ta waje in an bar ta bol ce) lokacin da yake baya a lissafin bol da sitiraik, ya kuma jefa cenjof (jifa mai rage gudu) da hannu iri ɗaya da na fasbol. Yaronka yana da 20, wato yana fafatawa da waɗanda suka girme shi da shekara huɗu biyar, wannan kaɗai ya kamata ya sa ka sassauta. Ni shekaru ne abu na farko da nake rubutawa a saman takarda kafin abarej, ɗan 20 da ke shan wuya a Double-A ya fi min ɗan 24 da ke cin kasuwa can ƙasa a Single-A nesa ba kusa ba.

Kuma ba yau aka fara ba, manya ma sun bi ta nan, nasu ma a babban lig ya same su idon duniya na kallo. Mike Trout da aka fara kawo shi a 2011 wasa 40 ya yi, .220 ya buga, shekarar da ta biyo ya buga .326 da hom ron (bugun da ke tsallake shingen fili) 30. Aaron Judge a 2016 an kore shi sau 42 cikin bugu 84, rabi cif, a 2017 ya buga hom ron 52. Jackson Holliday da ƙungiyar Baltimore ta ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, da ya hau a Afrilun 2024 hit biyu ya samu cikin 34 aka mai da shi Triple-A, matakin da ke ƙasa da babban lig, ya sake shiri. Amma kar ka ɗauki sunayen nan ka ce to kowa ma zai farfaɗo, waɗanda ba su farfaɗo ba sun fi su yawa sosai, ba a tuna sunayensu ne kawai. Aikinka shi ne ka gane wane layi yaronka yake bi, kuma wannan ido ne zai gaya maka.

To ga yadda nake yi. Tun daga 2021 ƙungiyoyi biyu suna haɗuwa wasa shida a jere, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu. Wannan tsarin alheri ne gare mu masu kallo, domin abokan hamayya suna da sati guda su karanci yaro, kuma sau da yawa wanda ya fara jifa ranar Talata shi zai dawo ranar Lahadi. Ka zauna duk kwana shidan, kar ka yi abin da yara ke yi su kalli wasa biyu su shiga mota. Talata da Laraba ka rubuta inda suke jefa masa, zuwa Alhamis za ka ga sun gano raminsa, yawanci ko fasbol sama daidai ƙirji ko silaida da ke fita ƙasa ta waje, sai su yi ta haƙa wurin ba kunya. Abin da nake so ka kawo min shi ne me ya yi Asabar da Lahadi. Ya ci gaba da bin silaidar nan kamar ranar farko, ko ya fara barinta ta wuce?

Akwai wani yaro da na taɓa bi shekarun baya, ba zan manta ba, ranar Lahadi ce da rana ana zafi filin kusan babu kowa. Duk satin da silaida ake kashe shi, sau bakwai aka kore shi. Ya shigo bugu na uku, lissafi bol ɗaya sitiraik biyu, kowa a wurin har mai sayar da lemo ya san me za a jefo. Aka jefo ta, na ga ƙafarsa ta gaba ta sauka, hannuwan sun ɗan motsa kamar za su tafi sai suka tsaya cak a kafaɗa, kansa ya bi ƙwallon har cikin safar mai kamawa, bol. Ya fita daga akwati ya gyaɗa kai shi kaɗai, ba da kowa yake ba. Jifa biyu bayan nan ya buga ta tafi kai tsaye hannun ɗan tsakiya aka fitar da shi, a takardar sakamako ranar ba shi da hit ko ɗaya, amma ni a littafina na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan bol ɗin da ya bari, don a nan na san ya fara gani. Irin wannan nake nufi, kuma ba za ka same shi a waya ba sai ka zauna bayan raga.

Ka riƙa raba shafi gida uku. Waɗanda aka jefa a cikin zon ya kai musu sanda ya rasa, waɗanda aka jefa a waje ya bi su, da waɗanda aka jefa masa a tsakiya ya tsaya yana kallo. Bin na waje ana rage shi da lokaci in yaro na da kai, duk da ba kowa ke warkewa ba. Wanda ke tsorata ni shi ne na farko, a jefo fasbol mil 94 a tsakiyar faranti (alamar da ke gaban mai bugu) ya kai sanda ya sha iska, yau haka gobe haka. In ka ga wannan to ka duba dalili da kyau kafin ka rubuta cewa hannunsa ba sauri, saboda sau da yawa hannun lafiyarsa lau, makara yake yi wajen tashi. Tsakanin mai jifa da faranti ƙafa 60 ne da inci 6, ƙwallo mai mil 95 wajen kashi huɗu cikin goma na sakan take ɗauka, ba lokacin tunani, in ƙafar gaba ba ta sauka da wuri ba komai sai ya zama gaggawa, sai kai ya motsa, sai ido ya daina bambance fasbol da silaida, sai ka ga yana bin shara ka ɗauka ba shi da ido alhali agogonsa ne ya lalace. José Bautista shekaru ya yi ana yawo da shi daga wannan ƙungiya zuwa waccan, sai a Toronto ƙarshen 2009 aka sa shi ya riƙa fara motsinsa da wuri, a 2010 ya buga hom ron 54. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, lokacin tashi kawai aka gyara. Don haka wata rana ka bar bayan raga ka koma gefe, ɓangaren da kake ganin ƙirjinsa, kar ka kalli ƙwallo sam, ka kalli ƙafarsa da hannun mai jifa, ka ga ina ƙafar take lokacin da aka saki ƙwallon.

Wani abin kuma, .310 ɗin da kake ta ambata ita ma ka tuhume ta. A wane fili ya yi ta? Akwai filayen da ƙwallo ke tashi kamar an hura mata iska saboda tudu da bushewar iska, Amarillo, Albuquerque, Reno, akwai kuma inda sanyin Afrilu ke sa hannu ya ƙage kamar can Midwest League ko Portland ta jihar Maine. Ni kaina na taɓa cin wannan ƙasar, na ba wani yaro maki mai tsoka don na ga hom ron sun taru, ban tsaya na raba na gida da na waje ba, da aka kai shi filin da iska ke da nauyi duk suka koma hannun masu tsaro, an yi ciniki a kan rahotona kuma har yau abin na min ciwo in na tuna. Tun daga ranar ba na sa hannu a rahoto sai na raba gida da waje, na raba abin da yake yi da masu jifa da hannun dama da masu jifa da hannun hagu.

Ka je fili da wuri, ƙarfe uku da rabi ko huɗu lokacin atisayen bugu. Ba nisan ƙwallo za ka je kallo ba, kowa gwani ne in ana jefo masa a hankali. Ka ga ko yana aiki a kan abin da ke damunsa, ko yana sa a kunna masa injin silaida, ko yana tura ƙwallo ɗaya ɓangaren da gangan, ko kuwa so yake kawai ya fitar da ita waje abokai su yi ihu. Ka lura da yadda yake komawa benci bayan an kore shi, akwai mai jefar da hula ya je ƙarshen benci ya haɗe rai, akwai wanda zai tsaya a bakin shinge yana kallon mai jifan nan yana tambayar na kusa da shi. Kuma ka sa a ranka cewa yaran Dominika yawanci tun suna 16 ake sa musu hannu, yaron nan shekara huɗu kenan yana nesa da mahaifiyarsa, sabon gari, Turanci bai zauna ba, abincin ba nasa ba, ga tafiyar bas ta awanni cikin dare. Wata ɗaya na farko wani lokaci ba sanda ce ke ba shi wahala ba.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai dan Allah, kar ka kuskura ka je ka ce masa ya sauke hannu ko ya rage ɗaga ƙafa. Yana da kocinsa, kuma yaron da ke cikin wannan hali mutum biyar sun riga sun gaya masa abu biyar daban daban, ga wakilinsa ga ɗan uwansa a waya, in ka ƙara naka ka ƙara masa ruɗu ne. Kai naka ido da biro. In ka ga wani abu ka rubuta shi a rahoto da hujja, ranar kaza bugu na kaza jifa kaza, ka bar masu gyara su yi gyara.

Rahoton ƙarshen watan ka bar 55 ɗin a inda take, ka ƙara layi ka ce akwai shakku kan yadda yake gane silaida kuma kana so ka sake ganinsa bayan ya shiga akwati kamar sau 250 zuwa 300 a wannan mataki. Babu ogan da zai ga laifinka a kan haka. In lokacin ya yi har yanzu ana korarsa sau ɗaya cikin uku, wok (tafiya bes kyauta bayan bol huɗu) ba ta ƙaru ba, kuma fasbol ta tsakiya na wuce shi, to sai mu zauna mu sauke makin tare, ni ma zan sa hannu.

Satin nan suna gida ko? Ka zauna har Lahadi, ka ɗauko min hoton shafukan littafinka duka shida, kuma ka yi min bidiyo daga gefe ko na bugu huɗu ne, ka tabbata ƙafarsa ta gaba da mai jifan duk sun fito a ciki. Allah ya yi maka albarka, ka gaida mutanen gida.