Amsa ga mai tambayar saitin igwa a Squad, wasan yaƙi na kwamfuta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana bin lambobin da ke cikin madubin igwa daidai, amma harsashinka na faɗuwa ko dai gaba ko baya da inda kake nufi, har mutanen rukuninka sun fara hana ka taɓa ta. Ni ma an yi mini haka, kuma na cancanta. Na daɗe a kan ƙaramar igwar nan da 'yan wasa ke ce wa mota (mortar), kafin na gane cewa teburin lambobin bai taɓa cutata ba. Nisan da nake ba shi ne ƙarya, sannan ba ni da wanda zai ce mini ga inda harsashi ya sauka.

Fara da taswira. Kowane babban gida mita 300 ne. In ka matso da taswirar, za ka ga an raba shi gida tara, kowanne mita 100, an jera su kamar lambobin gefen dama na kibod: 7, 8, 9 a sama, 1, 2, 3 a ƙasa. Kowanne cikinsu ya sake rabuwa tara, kimanin mita 33. Wanda ya ce maka "suna D6" bai gaya maka komai ba, fili ne mai faɗin mita 300. Ka matsa masa ya ba ka har ƙaramin gida. Kuma abin da mutane ke mantawa, kai ma sai ka san ainihin inda igwarka take, ba inda rediyon sansani yake ba. Ni wata biyu na yi ina aunawa daga alamar rediyo, alhali igwar tana can gefe da kusan mita 60.

Ga misali. A ce abokan gaba suna gabas da kai da manyan gidaje biyu, wato mita 600, suna arewa da manyan gidaje biyu da ƙanana biyu, wato 800. Lissafin Fitagoras na makaranta zai ba ka mita 1000 cif. Kamfas kuwa digiri 37. Tebur ya ce mita 1000 mil 1118 ne. Wannan mil ɗin ba na tafiyar hanya ba ne, ma'aunin kusurwa ne na soja, 6400 ke cika da'ira. Saboda haka 1600 bakin igwa na kallon sama tsaye ke nan, 800 kuma digiri 45, inda take kai iyakarta ta mita 1250. Lamba tana raguwa, nisa yana ƙaruwa. Sabon shiga yakan juya wannan a kansa idan wuta ta yi wuta, sai ya ƙara mil yana zaton ya ƙara nisa, ya jawo harsashi kan 'yan'uwansa.

Wurin da teburin ke yaudarar mutum shi ne tsakanin layuka. Daga mita 500 zuwa 550 bambancin mil 23 ne kawai, 1387 zuwa 1364, don haka raba tsakani da ka ba matsala. Amma daga 1200 zuwa 1250 bambancin mil 118 ne, 918 zuwa 800, kuma ba a miƙe yake sauka ba. Shi ya sa ba na son a gina mini igwa inda zan riƙa harbi a ƙarshen numfashinta. In shugaban rukuni ya tambaye ni, cewa nake ya ajiye ta kamar mita 600 zuwa 900 daga inda ake fafatawa, bayan wani tudu ko gini.

Sai tudu da kwari, wanda nake zargin shi ne rabin matsalarka. Teburin ya ɗauka kai da abin da kake hari kuna a shimfiɗe ɗaya. Idan suna sama da kai, harsashi zai ci karo da ƙasa kafin ya gama tafiyarsa, ya faɗi baya. Idan suna kwari, ya zarce. A mita 500 harsashin kusan a tsaye yake saukowa, tudun mita 30 bai wuce ya rage maka mita 6 ba. A mita 1200 a karkace yake zuwa, wannan tudun dai zai ci maka kusan mita 24. Kalkuletocin intanet da aka yi don wasan suna lissafa tsawon ƙasa, kuma ban ga aibun amfani da su ba, sai dai ranar da kake sauri za ka gode wa Allah da ka iya da ka.

Kamfas ma haka. Kuskuren digiri ɗaya a mita 1000 ya kai mita 17 da rabi a gefe. Kar ka ce 37 da 38 duk ɗaya ne.

To ko ka daidaita duk waɗannan, makaho ne kai muddin ba ka da mai hange. Harsashi yana ɗaukar wajen daƙiƙa 20 a sama. Harba ɗaya, ka sanar cewa ka saki, ka cire hannunka ka jira. Na san hannu na ƙaiƙayi, tunda uku ke cikin kowane ɗuri, amma jira. Ka roƙi mai hangen ya ba ka gyara da jihohi, "arewa mita 40, yamma 20", kar ya ce dama ko hagu, domin damarsa ba damarka ba ce sai in yana tsaye a bayanka. In na farko ya gaza, na biyu ya zarce, tsakiyarsu za ka nema. Kuma kar ka bi kowane harsashi da gyaran mita 10. Wasan da kansa yana warwatsa su ko ba ka motsa komai ba, don haka bayan ka kusa, saki uku ka dubi tsakiyar inda suka zuba.

Ranar da na koyi wannan ba zan manta ba. An ba ni wani gida mai katanga inda abokan gaba ke fitowa, saitina ya zauna daram, na ji daɗi na shiga zuba musu ba ƙaƙƙautawa. Ashe wani rukuninmu ya samu kafa ya kutsa ciki, ni kuwa na rage sautin rediyo saboda surutu. Kafin in ji ana ihun a tsaya, uku suna sama, kuma abin da ya bar baki ba ya dawowa. Mutum biyar na kwantar, duk namu. Tun daga nan ba na sakin ɗuri sai na buɗe taswira na ga inda shuɗayen ɗigo, wato mutanenmu, suke, da kuma inda za su kai nan da daƙiƙa 20. In sun kusa mita 100, hayaƙi nake komawa, ya rufe musu hanya su shiga da kansu.

Abin da ya fi dacewa da igwa shi ne abin da ba ya gudu: wurin fitowar abokan gaba, bindigar da aka kafa, masu haƙa da shebur. Bin mutum ɗaya mai gudu ɓarnar harsashi ce, kuma rumbun da kake ɗiba shi ne wanda masu harbin tankoki ke jira. Ka yi magana da direban motar kaya tun kafin ka zauna. Saitin da ya ci kuma ka rubuta shi a takarda kusa da kibod, digiri da mil da sunan wurin, domin sau da yawa bayan minti goma za a sake kiran ka a kan gidan nan.