Kofur mai ciwon suga: takardar asibitin kuɗi ba za ta zaunar da kai gida ba

Tambaya: Ni kofur ne a rundunar sojan ƙasa, shekarata takwas a aiki. Bara waccan aka gano ina da ciwon suga, yanzu har allurar insulin nake yi. An tura bataliyarmu Arewa maso Gabas, inda wurin ajiye maganin a sanyi ma wahala yake. Na zo gida da fas, wato takardar izinin hutu, wani likita a asibitin kuɗi ya rubuta cewa ban dace da aikin daji ba. Kwamandana bai amsa saƙona ba. Zan iya zamana a gida in kai ƙara kotu a sallame ni da haƙƙoƙina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. A kan abin da ka rubuto kawai zan yi magana, wanda ya ga takardunka yana iya hango abin da ya sauya lissafin.

Kana kallon kanka kamar ma'aikacin gwamnati da zai miƙa takardar likita ya kwanta a gida, kuma nan ne kuskuren. Dokar Ƙwadago ba ta shafi soja mai kaki a jiki ba, haka Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta cire shi ƙarara. Abin da ke kanka shi ne Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokoki na 2004, da ƙa'idojin aikinku. A ƙarƙashinta, ranar da fas ɗinka ya ƙare ba ka koma ba, ka shiga laifin barin aiki ba izini na sashe na 59, wanda zai iya kai mutum kotun soja. In zaman ya yi tsawo, ana iya ɗaukarsa tserewa. Wanda aka kora a kan haka yakan rasa giratuti da fanshon da yake nema.

Takardar likitan nan hujja ce, ka adana ta. Sai dai a galibi rundunar ba ta hukunci sai da rahoton kwamitin likitocinta. Su ke cewa a rage wa soja nauyin aiki, a ajiye shi kusa da asibiti, ko a sallame shi saboda rashin lafiya. Hanyar ka san ta: likitan bataliya, sai ya tura ka babban asibitin soja irin 44 na Kaduna ko 68 na Yaba. Kada kuma wani ya zuga ka ka daina allura don sugar ta hau kafin gwaji. Ban da kasada da ranka, dokar ta haramta wa soja tsananta ciwonsa da gangan don kauce wa aiki.

Shirun kwamandanka bai burge ni ba, mai insulin ba wanda za a bari yana jiran amsa ba ne. Amma saƙon waya ba koke ba ne a idon doka. Sashe na 179 ya ba ka damar rubuta koke ta hannunsa, in bai share maka hawaye ba ka wuce sama. Kotuna, har da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sun sha korar ƙarar sojan da ya tsallake wannan mataki, ba tare da sun duba gaskiyarsa ba.

Sai maganar sallamar kanta. A ƙa'ida, shekara biyar ke ba da giratuti, goma ke ba da fansho, kai kuwa kana takwas. Sallamar rashin lafiya tana iya zuwa da nata tanadi, musamman in kwamitin ya danganta tsanantar ciwon da aikin, amma kada ka ɗauka tabbas ne, domin Hukumar Fanshon Sojoji da abin da ke cikin rahoton take aiki. Da ni ne kai, canjin wurin aiki zan fara roƙo.

Ka koma kafin fas ya ƙare, da sakamakon gwaje-gwajenka duka. Ka rubuta koken cikin ladabi, ka riƙe kwafi mai kwanan wata. In an yanke hukuncin da bai yi maka ba, ka ga lauya cikin makon, don akan tayar da batun wa'adin wata uku na shigar da ƙara a kan jami'an gwamnati.