Zauren Anti Larai: Kuɗin Ƙungiyar Iyaye Ya Hana Ni Sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Ya'yana uku suna wata firamaren gwamnati a Tudun Wada, Kaduna. Mu iyaye wajen 30 muka kafa ƙungiya don tallafa wa wasanni da kacici-kacicin yara, saboda bara ko rigunan gasar gidaje ba a samu ba. Mun yanka wa kowa naira 2,000 duk zango, aka ba ni ajiya. Yanzu rabi ba su biya ba, waɗanda suka biya kuma sai habaici a WhatsApp wai ina kuɗi. Har kunyar zuwa ɗauko yara nake ji. Yaya zan yi? Daga Maman Khalifa.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Kafin komai, ki raba jakarki da kuɗin nan. Ba zarginki nake ba, na taɓa ɗanɗana ne. Ina koyarwa a wata makaranta a Kawo aka ba ni ajiyar kuɗin kai yara ziyara Gidan Arewa, gidan da Sardauna ya zauna. Na zuba su a gwangwanin madara na cusa a sif. Ranar lissafi naira 3,000 suka yi ɓatan dabo. Ashe ni ce na ba direban bas kafin alƙalami ban rubuta ba. Kafin in tuna, magana ta zaga unguwa, har maƙwabciyata ta fara yi wa sabon mayafina wani irin kallo.

Saboda haka ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Banki zai nemi tsarin mulkinku da takardar zaman da kuka zaɓi shugabanni, wani ma sai kun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Kafin hakan ta samu, ki sayi littafi mai bango da rasit. Duk ƙarshen wata ki ɗauki hoton shafin ki tura a zaurenku na WhatsApp, a kuma manna kwafi a allon sanarwar makaranta. Shi kuma wanda ya fi kowa habaici, ku naɗa shi mai binciken kuɗi. Za ki sha mamakin yadda zai yi laushi.

Amma inda kuka fi yin kuskure shi ne yanka kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, don haka abin da kuke tarawa gudummawa ce, ba haraji ba. Kada a kuskura a kira sunan yaro a layi wai babansa bai biya ba, kada a hana shi riga. Ki duba waɗannan 15 ɗin da ba su biya ba da kyau. Na tabbata a cikinsu akwai tela, akwai kafinta, akwai mai bas, akwai mai kunun aya da zoɓo. Mai ɗinkin da dubu biyu ta yi masa nauyi zai iya ɗinka riguna 20 idan kun sayo yadi a Kasuwar Barci, ga ta nan kusa da ku. Ku rubuta wannan a littafi kamar yadda ake rubuta kuɗi, a faɗi sunansa a taro.

Ban ji kin ambaci hedimasta ba, kuma hakan ya ɗan dame ni. Ku same shi, ku samu kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wanda galibi ya haɗa da mai unguwa da malaman addini da wakilan mata. Ku tambaye su abin da yara suka fi buƙata da abin da ƙa'ida ta yarda ku yi. Ku masu taimako ne, ba ku za ku tsara wa malamai aikinsu ba.

Bana ku ɗauki abu ɗaya tak: rigunan gidaje huɗu, ja da kore da shuɗi da rawaya. Kacici-kacici ya jira baɗi. Bayan gasar ki rubuto mini in ji gidan da ya ɗauki kofi, ni dai tun ina 'yar aji uku 'yar gidan kore ce.