Hawa jirgi da ƙananan yara: me za a saya, me za a bari?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Ƙofar Sauri, Katsina: "Za mu tafi Umara da yara biyu, ɗan shekara 4 da 'yar wata 14. Maigida yana so ya saya wa babban tablet don kada ya dame mu a jirgi. Ya dace mu kashe wannan kuɗin?"

Allah Ya kai ku lafiya, 'yar'uwa. Ni dai ban ga dalilin sayen tablet saboda tafiya guda ba. Daga Kano zuwa Jidda, idan jirgi bai yada zango ba, awa huɗu da wani abu ne, kuma wayar da ke hannunki za ta iya wannan aikin. Ki sauke masa katun da karatun yara tun kuna gida, domin kada ki dogara da samun intanet a sama. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne abin sauraro na yara, mai rufe kunne, wanda aka ƙayyade ƙararsa kada ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Rugugin jirgi yana sa yaro ya yi ta ƙara murya har ta cutar da kunnensa. Idan za ki riƙe fawa bank, a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga kayan awo ba.

Amma ki sa waya ta zama abu na ƙarshe da za ki fito da shi. Ki shiga babbar kasuwa ki sayi ƙananan abubuwa huɗu ko biyar: littafin zane, fensir mai kala, sitika, 'yar mota ko 'yartsana. Ki ɓoye su, kada ya gani sai an tashi, sannan ki riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Yaro sabon abu yake bi, ba ruwansa da tsadarsa. Ki bar duk abin da ke kiɗa ko ƙara saboda maƙwabtan kujera, ki bar ƙwallo da duk mai gangarawa, don idan ya shige ƙarƙashin kujeru kuka ne zai biyo baya. Ki kuma tanadi tatsuniya biyu ko uku a ka. Gizo da Ƙoƙi ba sa bukatar caji.

Ita ƙaramar, inda za ki fi kula shi ne kunnenta. Yanayin iska a cikin jirgi yana sauyawa lokacin tashi, ya fi tsanani lokacin sauka, sai dodon kunne ya ɗaure ya yi zafi. Haɗiya ce ke buɗe 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro. Saboda haka ki ba ta nono ko fida da zarar jirgi ya fara gangarowa, kada ki jira sai ta fara kuka. Babban kuma ya riƙa kurɓar ruwa. Idan ɗayansu na mura ko ciwon kunne, ki kai shi wurin likita kafin ranar tafiya.

Dokar ruwa a jirgin ƙasashen waje mililita 100 ce a kowace kwalba, amma madara da abincin jariri an yi musu sassauci, sai dai ki nuna su a wurin bincike. Cincin, biskit da ayaba sun wadatar. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri suna shaƙe ƙananan yara, dabino kuma a cire ƙwallon. Famfas ki ninka abin da kike zato, da kayan canji, har da naki.

Tambaya daga wani magidanci a Daura: "An ce in sayi maganin mura mai sa barci in ba ɗana mai shekara ɗaya da rabi kafin mu hau jirgin Abuja. Wanne ya fi?"

Malam, don Allah kada ka sayi ko ɗaya. Irin su Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda suna iya danne masa numfashi. Wasu yaran ma maimakon barci sai su birkice da rigima. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Abuja wajen awa guda ne kawai. Wahalarku tana ƙasa: kusan kilomita 80 daga Daura zuwa Katsina a mota, ga zaman jiran jirgi wanda kan yi jinkiri. A zauren jira ka bar shi ya yi ta tafiyarsa kana biye da shi, ya leƙa jirage ta taga, ya gaji. Tun da bai cika shekara 2 ba, a cinya zai zauna, ba sai ka saya masa kujera ba, amma dole sunansa ya shiga tikiti, kuma ku riƙe takardar haihuwarsa. Mahaifiyarsa ta ɗauki zanen goyo, zai yi muku amfani a layi fiye da keken turawa.